Maganar zaftare kasafin makarantarmu: me za mu je mu faɗa ranar taro?

Sakataren PTA: Assalamu alaikum iyayenmu da malamanmu. Ku yi haƙuri saƙon zai ɗan yi tsawo. Jiya da yamma an kira mu zaman kwamitin makaranta aka raba mana daftarin kasafin kuɗin shekara mai zuwa, kuma gaskiya abin da na gani ya hana ni barci. An ce kuɗin da hukuma za ta turo ya ragu, don haka dole a zaftare. Ga inda wuƙar za ta sauka: ba za a sabunta kwantiragin malaman wucin gadi ba, kuma kun san yawancinsu a aji ɗaya zuwa uku suke, in sun tafi sai a haɗe A da B a ɗaki ɗaya. Darasin yamma da ake yi wa yaran da karatu bai zauna musu ba za a tsayar da shi. Laburare za a kulle, a mayar da malamar da ke kula da shi cikin aji. Gyaran rufin ɓangaren baya da banɗakin 'yan mata an ɗage sai wata shekarar. Ba a sa hannu ba tukuna, daftari ne, akwai taron jin ra'ayin jama'a ranar Asabar ta sama. Ina so kafin ranar mu tsayar da magana ɗaya, kada mu je kowa yana jan nasa.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A haɗe A da B?? Yanzu ma fa a ajin yarana yara huɗu ne a benci ɗaya, ɗayan kullum sai ta dawo da ƙura a siket saboda a ƙasa take zama in ta makara. A ina za a zuba su dan Allah

Baban Yara Huɗu: Ni dai ba na goyon bayan a taɓa ko sisi. Mu je mu ce ba mu yarda ba, shi ke nan. Ai Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ce kashi 26 na kasafi ya kamata a ba ilimi, su ba su kai ba kuma suna neman ragewa

Tsohuwar Ɗaliba: Baba a yi min afuwa, zan ɗan gyara wannan don kada mu faɗe shi a gaban taro a kama mu da shi. Kashi 26 ɗin nan ya daɗe yana yawo a bakin mutane amma abin da ƙasashe suka amince a rubuce shi ne na taron Incheon a Koriya ta Kudu a 2015, wato kowace ƙasa ta ware wa ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na abin da gwamnati ke kashewa, ko kashi 4 zuwa 6 na abin da tattalin arzikinta ke samarwa. Kuma wannan ma'auni ne na ƙasa baki ɗaya, ba na makaranta guda ba. Za mu iya ambatonsa amma ba shi ne zai ceci malaman aji ɗaya ba.

Baban Yara Huɗu: Toh na gode 'yata, ban sani ba wlh. Amma dai maganata tana nan, a bar mana kuɗin yadda yake

Ɗan Kwamiti: Salam. Ni ina cikin waɗanda suka zauna aka rubuta daftarin nan, kuma na san yau ni za a yi wa ca, ba komai. Ina da 'ya'ya biyu a makarantar nan kamar kowa. Abin da nake so ku gane shi ne kasafin makaranta ba kamar yadda ake zato yake ba, mafi yawansa albashi ne, ko'ina a duniya haka yake, kuma albashin malaman dindindin ba mu da ikon taɓa shi, doka ce ta tsare shi. To in aka ce maka ka rage, kuma babban kason a kulle yake, ina hannunka zai kai? Sai kan ɗan abin da ya rage, kwantiragi, gyara, littattafai, alli. Ba mugunta ce ta sa aka zaɓi waɗannan ba, su ne kawai ake iya motsawa. In muka je muka ce ba mu yarda ba kawai, za su ce sun ji, su koma ofis su yanke yadda suka ga dama ba tare da mu ba. Gara mu je da abin da za mu ce a yanke a maimakonsa.

Maman 'Yan Biyu: Alhaji to me ya sa kullum in za a rage sai a fara da na ƙasa? Ban taɓa jin an ce an rage alawus ɗin zama ko kuɗin man motar ofis ba

Ɗan Kwamiti: Hajiya wannan tambaya ce mai kyau kuma amsarta ita ce waɗannan ba a cikin takardar da aka ba mu suke ba. Mu shafin makarantarmu kaɗai aka nuna mana. Abin da ofishin hukuma ke kashewa kansa yana wani shafin daban.

Maman 'Yan Biyu: To ai ka ga inda gizo ke saƙar kenan

Malamar Aji Ɗaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ina tunanin ko in yi shiru, saboda ina cikin waɗanda kwantiraginsu zai ƙare, kada a ce don aikina nake magana. Eh ina son aikina, ba zan ɓoye ba, da shi nake riƙe da gida. Amma bari in gaya muku abin da ke faruwa a aji ɗaya don wanda bai taɓa tsayawa a gaban allo ba ya gani. Yaro yana zuwa bai san yadda ake riƙe fensir ba. Sai na kama hannunsa na sa yatsunsa, na ja shi a kan layi, wani sati biyu ya kama wani sai wata biyu. Karatu kuma ba a koya shi da ihu daga gaban aji, dole kowane yaro ya karanta min da bakinsa in ji inda yake tuntuɓe, wannan yana juya b da d, wancan ya haddace shafin ne kawai yana rerawa bai san harafi ko ɗaya ba, in ka rufe hoton sai ya tsaya. Ba ka gane mai haddar nan sai ka zauna kusa da shi. Yanzu da yawan da muke da shi ina samun in saurari kowane yaro kamar sau ɗaya a sati in na matsa. In aka haɗe aji biyu wlh abin da zai koma shi ne in faɗa su maimaita, in faɗa su maimaita, na gaba su biyar su koya sauran su yi ta motsa baki har a tashi. Kuma za su ci jarrabawar zango fa, saboda amshi suke, sai sun kai aji huɗu a ba su littafi a ce su karanta da kansu sannan iyaye su gane babu komai.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya saka da alheri Malama. Ke ce kika gano min cewa ɗaya daga cikin 'yan biyuna ba ta ganin allo sosai, da aji ya fi haka cika wa zai lura

Tsohon Hedimasta: Malama ta faɗi gaskiya, kuma ba ta ƙara gishiri ba. Na yi shekaru ina shugabantar makaranta kafin in yi ritaya, na ga ragin kasafi ba sau ɗaya ba. Abin da na koya shi ne ba kowane ragi ne ake iya mayarwa ba. In ka ɗage fenti, baɗi ka yi fenti, bango bai san an yi jinkiri ba. In ka ɗage sayen kujerun ofis haka. Amma yaron da ya wuce aji ɗaya da biyu da uku bai iya karatu ba, baɗi ko an dawo da kuɗin ninki biyu shi ya riga ya wuce, yana aji huɗu ana koya masa kimiyya da tarihi daga littafin da ba ya iya karantawa, daga nan sai ya fara fashi, daga fashi sai a ce ba ya son boko. Shi ya sa ni in za a tambaye ni, a taɓa ko'ina amma a bar azuzuwan ƙasa. Rufi kuma ina jan kunne, shi ba fenti ba ne. Kwano ɗaya da ke yoyo in aka bar shi damina guda sai ya ci katako ya ci silin, abin da za a gyara da kaɗan ya koma sai an sake gaba ɗaya.

Ɗan Kwamiti: Ranka ya daɗe na yarda da kai a kan rufi, na faɗa a zaman ma. Amma a kan yawan yara a aji ina da ja kaɗan. Ba kullum kuɗi ko ƙarancin yara ke kawo koyo ba. Akwai binciken da aka yi a yammacin Kenya, aka raba wa makarantu littattafai kyauta ana zaton sakamako zai tashi, da aka auna sai aka ga yaran da dama can su ne kan gaba kaɗai suka amfana, sauran littafin da Turanci yake kuma ya fi ƙarfinsu. Cikin masu binciken akwai Michael Kremer wanda ya samu kyautar Nobel a 2019. Abin da nake nufi, kada mu ɗauka duk abin da aka kashe wa kuɗi yana aiki. Laburaren nan tsakani da Allah yara nawa ke shiga?

Tsohuwar Ɗaliba: Alhaji binciken nan gaskiya ne, mun karanta shi a jami'a, amma ka duba da kyau ai hujjar Malama yake ƙarfafawa. Littafin bai yi amfani ba ne saboda yaran ba su iya karanta shi ba. Wato abin da ya fi komai shi ne mutumin da zai zauna da yaro a daidai inda ya tsaya. Su Abhijit Banerjee da Esther Duflo da suka raba kyautar da Kremer sun yi aiki da ƙungiyar Pratham a Indiya a kan haka, a ware yara gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon ajinsu ba, a ba waɗanda aka bari a baya ɗan lokaci kullum a kan harafi da lissafin farko, kuma an ga ya yi aiki sosai da kuɗi kaɗan. To mene ne darasin yammanmu in ba wannan ba? Shi ne abu mafi araha a takardar nan kuma shi aka fara sokewa. Batun yawan yara kuma akwai gwajin da aka fara a jihar Tennessee ta Amurka a 1985, aka raba yara ta hanyar ƙuri'a, wasu aji mai 13 zuwa 17 wasu mai 22 zuwa 25, daga rabin aji har aji uku, na ƙaramin aji suka fi, kuma 'ya'yan marasa ƙarfi suka fi kowa cin moriya. Su fa a kan 25 suke magana. Mu da za a haɗe aji biyu cikakku fa?

Ɗan Kwamiti: Na karɓi wannan ƙanwata. Darasin yamma ni ma zan tsaya a kansa. Amma laburare har yanzu ba a ba ni amsa ba

Malamar Laburare: Ga ni Alhaji. Ba zan ce maka cika yake yi ba, ba ya cika. Amma akwai yaran da kullum in an fita tara nan suke zuwa, kuma yawancinsu waɗanda gidansu babu littafi ko ɗaya ne in ba na makaranta ba. Ina da rijistar aro, zan kawo ta ranar taro kowa ya duba da idonsa. In an ce in koma aji ba zan ƙi ba, malama ce ni tun farko, roƙona kawai kada a sa kwaɗo a ƙofar. A bar ni in riƙa buɗewa ko awa ɗaya bayan an tashi, ko a ba manyan ɗalibai su riƙa kula da aro ina duba su. Ɗakin da aka kulle shekara guda gara da ɓera ne ke gadonsa, na gani a inda na fara aiki, da aka buɗe rabin littattafan sai shara aka yi da su.

Ɗan Kwamiti: Wannan mafita ce kuma ba ta cin kuɗi. Sakatare a rubuta

Mai Sana'ar Hannu: Ni shawarata mai sauƙi ce, tunda kuɗin malaman kwantiragin ne matsala me zai hana mu iyaye mu ɗauka? A raba a kan kowane yaro duk zango, kowa ya kawo nasa, a biya su. Mu daina jiran hukuma, 'ya'yanmu ne ba nasu ba

Baban Yara Huɗu: Kai ɗan'uwa yaro nawa gare ka a makarantar?

Mai Sana'ar Hannu: Ɗaya

Baban Yara Huɗu: To ni huɗu. Kuma akwai wanda ya fi ni

Kakar Marayu: Salamu alaikum, jikata ce ke rubuta min. Ni 'ya'yan ɗana marigayi nake riƙo su uku. Yunifom ɗinsu ma sai da mutane suka taimaka. In aka sa kuɗi kowane zango ba zan iya na uku ba, zan zaɓa ne, kuma ina jin kunyar faɗa amma na san wadda za ta zauna a gida, babbar ce, macen, don ita ke taya ni aiki. Ita ce kuma ta fi su ƙoƙari. Ku yi mana tunani kafin ku yanke.

Mai Sana'ar Hannu: Subhanallah. Iya ki yi haƙuri, wlh ban yi nufin a takura wa kowa ba. Sai a ce wanda ba shi da hali an yafe masa

Tsohon Hedimasta: Niyyarka mai kyau ce ɗana, amma bari in gaya maka yadda yafewar nan ke ƙarewa, don na yi ta da hannuna. Ana rubuta sunayen waɗanda suka biya, malami ya shiga aji ya karanta, waɗanda ba a kira ba kowa ya san su. Ko ba a kore su ba, yaro da kansa zai ce ba zai je ba. Uwa kuma ba za ta zo ofis ta ce ni matalauciya ce a rubuta ni ba, sai dai ka ga yaron ya daina zuwa shiru. Kuma ba mu kaɗai ba ne, duniya ta gwada. Malawi ta soke kuɗin firamare a 1994, yara suka tashi daga kusan miliyan 2 zuwa wajen miliyan 3 cikin ɗan lokaci. Kenya ta soke a 2003, yara sama da miliyan ɗaya suka ƙaru. Ina waɗannan yaran suke kafin nan? Suna gida, ɗan kuɗin da ake ganin ba komai ba ne ya tsare su. Ga kuma abu na biyu, ranar da muka ɗauki albashin malamai a kanmu hukuma ba za ta ƙara sa shi a kasafi ba har abada, za ta ce ai iyaye suna yi. Gudummawar ganin dama don siminti ko kwano, wanda ya samu ya kawo ba a rubuta sunan kowa a allo, wannan ina goyon baya. Amma albashi haƙƙi ne a kan hukuma. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 sashe na 28 ta ce firamare dole ce kuma kyauta ce ga kowa.

Wani Uba: Gsky ni duk wannan ya ishe ni, in suka haɗe azuzuwan zan cire nawa in kai su ta kuɗi in huta

Maman 'Yan Biyu: Kai kana da inda za ka kai. Mu fa?

Wani Uba: Hajiya ba gori nake ba, bashi zan ci in yi. Tsoro nake ji kada yarona ya gama firamare bai iya rubuta sunansa ba

Sakataren PTA: Tsoronka a kan hanya yake, babu mai ganin laifinka. Amma ka tsaya mana zuwa Asabar. In masu iya magana da masu ɗan hali suka fice ɗaya bayan ɗaya, rijista za ta ragu, kuma da yawan yaran da ke rijista ake lissafa abin da za a turo, sai baɗi a sake cewa a rage. Ka zo ka faɗi wannan maganar da bakinka a gabansu, cewa kana shirin cin bashi saboda shawararsu, ta fi duk wata takarda da zan karanta nauyi.

Wani Uba: Zan zo in sha Allah

Matashin Unguwa: Ni fa ina ganin duk zagaye muke. Kuɗin nan akwai shi cinyewa ake yi, a bincika a gani, ma'aikatan bogi da kwangilar da ba a yi ba. Mu fito mu rufe ƙofar makaranta kawai sai sun zo

Admin: Dan Allah a kiyaye. Ba a zargin kowa da sata a nan ba tare da hujja ba, kuma ba a kiran suna. Rufe ƙofa kuma yaranmu ne za su rasa darasi ba wani ba

Matashin Unguwa: Ban kira sunan kowa ba Admin. Amma a ce ba mu da ikon tambaya?

Tsohuwar Ɗaliba: Muna da shi Yaya, kuma tambayar ta fi rufe ƙofa ƙarfi in aka yi ta yadda ya kamata. Akwai abin da ya faru a Uganda da nake so kowa ya sani. An bi sawun kuɗin gudanarwa da gwamnati ke tura wa firamare tsakanin 1991 da 1995, sai aka tarar kashi 13 cikin ɗari ne kacal ke isa makarantun, sauran yana maƙalewa a ofisoshin da ke tsakani, makarantu da yawa ma ba su san akwai kuɗin da ya kamata su samu ba. Sai gwamnati ta fara buga abin da ta tura wa kowace gunduma a jarida, aka ce makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa inda kowa zai gani. Da aka sake aunawa a 2001 sama da kashi 80 ke isa. Ban ce haka ake yi mana ba, ban sani ba, kuma wannan rashin sanin shi ne matsalar. An ba mu shafi ɗaya an ce mu zaɓi yatsan da za a yanke. Mu nemi cikakken kasafin, da na ofis, da abin da aka ware bara da abin da ya iso hannun makaranta a zahiri da ranar da ya iso. In ragin ya bi kowa daidai, mu gani mu haƙura mu nemi dabara. In kuma aji ɗaya kaɗai aka yanka ofis yana nan yadda yake, to mun san abin da za mu ce.

Ɗan Kwamiti: Wannan ni ma zan sa hannu a kai. Kuma zan faɗi wani abu da ban faɗa da farko ba, na bara ma ba duka ya iso ba, kason ƙarshe har aka rufe shekara ba mu gan shi ba, da shi ne aka yi niyyar gyara banɗakin. Ina da kwafin takardun da muka rubuta muna tuni.

Maman 'Yan Biyu: Alhaji kuma shi ne ba ku gaya mana ba sai yau??

Ɗan Kwamiti: Laifi ne Hajiya, na karɓa. Mun ɗauka in muka bi a hankali za a saki, ba mu so a tayar da hankalin iyaye. Da mun faɗa tun lokacin da yanzu ba a nan muke ba.

Malamar Aji Shida: Tunda an zo kan banɗaki bari in sa baki, don maza ba lallai su gane nauyinsa ba. Manyan 'yan matan ajina akwai kwanakin da ba sa zuwa kowane wata, ba ciwo ba ne ba kuma wasa ba, babu inda za su shiga su kintsa ne, ƙofar ta ɓalle babu ruwa. Ina ganinsa a rijista ƙiri-ƙiri kuma shekarar jarrabawar fita ce. Duk wanda ya sa wannan a layin abin da zai iya jira bai tambaye mu ba. Ni a wurina yana sahu ɗaya da malaman aji ɗaya.

Tsohon Hedimasta: Haka ne Malama, na manta da shi ɗazu kuma bai kamata ba. A sa shi sama.

Baban Yara Huɗu: To ni yanzu na rikice. Da na ce kada a taɓa komai an ce ba zai yiwu ba. Yanzu malamai kada a taɓa, darasin yamma kada a taɓa, banɗaki da rufi kada a taɓa, laburare a bar shi buɗe. Ai maganata ce aka dawo kanta. Me za mu ce musu su yanke?

Ɗan Kwamiti: Tambayar da nake jira kenan tun safe. A shafinmu akwai abubuwan da za su iya jira: fentin gaba, sabbin kujerun ofishin hedimasta, bikin ƙarshen shekara a yi shi ba haya ba baƙi, da tafiye-tafiyen bita da za a iya yi a cikin makaranta malami ya koya wa malami. Amma kada in yaudare ku, duk in an tara waɗannan ba za su biya malaman kwantiragi duka ba. Wataƙila su riƙe darasin yamma da gyaran banɗaki. Sauran sai dai daga kason bara da ba a saki ba, ko daga shafin da ba a nuna mana ba.

Malamar Aji Ɗaya: In har ya zama dole sai an rage mu, roƙona a bar aji ɗaya da biyu a rabe ko da ba ni aka bari ba. A duba wadda ta fi iya koyar da karatun farko a bar ta. Kuma a gaya mana da wuri, kada a bari sai an dawo hutu mu zo mu tarar babu sunanmu, mu ma muna da iyali da za mu yi wa shiri.

Matashin Unguwa: Malama wlh maganarki ta taɓa ni. Na janye batun rufe ƙofa. A ba ni takardar koken ni da abokaina mu bi gida gida a sa hannu, akwai iyaye da yawa da ba sa cikin group ɗin nan, wasu ma ba su da waya

Mai Sana'ar Hannu: Ni kuma aikin ƙofar banɗakin da kwanon da ke yoyo in an samo kayan zan yi ba sai an biya ni ba. Amma a rubuta cewa na wannan karon ne, kamar yadda Baba Hedimasta ya ce, kada hukuma ta saba

Sakataren PTA: Madalla. Ga abin da zan rubuta daren nan in turo ku gyara: muna neman cikakken kasafi har da na ofis kafin ranar taro ba a ranar ba, muna neman bayanin kason bara a rubuce, ba mu yarda a haɗe aji ɗaya zuwa uku ba, ba mu yarda a ɗora wa iyaye kuɗin dole ba, ga kuma jerin abin da muka yarda a ɗage. Masu magana mutum huɗu nake so kada a yi yawa, Baba Hedimasta, Malamar aji shida, uba ɗaya, uwa ɗaya. Malamar aji ɗaya ban sa ki ba don kada a riƙe ki da shi, amma in kin yarda zan karanta abin da kika rubuta a sama ba tare da suna ba.

Malamar Aji Ɗaya: Na gode Sakatare, amma zan tashi in faɗa da kaina. Ni ce a cikin ajin.

Wani Uba: In suka ƙi ba da takardun fa kafin Asabar?

Ɗan Kwamiti: Sai mu nemi a ɗage amincewa da daftarin har sai an kawo, kuma a rubuta buƙatar a minit ɗin taro. Ni zan gabatar da ita a matsayina na ɗan kwamiti, ina buƙatar mutum ɗaya a cikin kwamitin ya mara min baya, zan kira su gobe da safe ɗaya bayan ɗaya.

Kakar Marayu: Jikata ce dai har yanzu. Iya ta ce ƙarfe nawa ne taron kuma za a bar ta ta yi magana ko da ba ta iya karatu ba, tana so ta zo da babbar su gan ta

Sakataren PTA: Ƙarfe goma na safe ne Iya, a babban ɗakin taro na makaranta. Ke ce uwar da za ta yi magana. Zan sa a ajiye miki kujera a gaba, kuma zan turo yaro ya rako ku tun tara da rabi.